Ido da Kunne Kafin Kyamara: Tsokaci a kan Finafinan Ɗalibai a Minna

Gabatarwa

A ƙarshen zangon karatun da ya gabata, wasu ɗalibai masu nazarin aikin jarida da watsa labarai sun kawo mini gajerun finafinai guda biyar waɗanda suka shirya a matsayin aikin aji, suka nemi in kalla in gaya musu ra'ayina game da Hausar da ke ciki. Dukkan finafinan a cikin garin Minna aka ɗauke su, kuma babu wanda tsawonsa ya wuce minti goma sha biyar. Ba zan ambaci sunayen ɗaliban ko na makarantunsu ba, domin abin da na gani bai keɓanta da makaranta guda ba. Da na zauna kallo sai na tarar aikin da aka ba ni bai taka kara ya karya ba, saboda a huɗu daga cikin biyar ɗin Hausar ba ta wuce gaisuwa da rantsuwa ba. Wannan ne ya sa na ga ya dace in faɗaɗa tsokacin, in duba abin da ɗalibi yake koya idan aka miƙa masa kyamara aka ce ya yi fim don neman maki, da kuma abin da yake kuɓuce masa. Abin da na fahimta shi ne hannun ɗalibanmu ya fara faɗawa a kan na'ura, amma idonsu da kunnensu an baro su a baya.

Inda Aka Fito

Kafin a shiga cikin finafinan, yana da kyau mai karatu ya tuna cewa koyon fim a aji sabon abu ne a wurinmu. Fim ya fara ratsa ƙasar Hausa ne ta hanyar majigi, wato motar gwamnati da ke zagaya garuruwa tana nuna finafinan wayar da kai irin su Baban Larai a ƙofar fada. A wannan fage na finafinan gwamnati ne Adamu Halilu ya ƙware, shi ne kuma ya mayar da littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Shaihu Umar, zuwa fim a 1976. Wannan zamani ne na kuɗin hukuma da ma'aikata ƙalilan da aka horar.

Da aka shiga zamanin bidiyo sai hanyar koyo ta sauya baki ɗaya. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano, wadda ta fitar da Turmin Danya a 1990, ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo ce, kuma yawancin waɗanda suka biyo bayanta a bakin aiki suka koya, kamar yadda ake koyon ɗinki ko ƙira. Yaron da ke naɗe waya yau, gobe shi ke riƙe fitila, jibi a bar masa kyamara. Wannan hanya ta bin maigida ta samar da ƙwararru masu yawa, ba a musun haka. Sai dai almajirin sana'a yakan gaji gwanintar maigidansa tare da kurakuransa, shi ya sa da Sangaya ya yi kasuwa a wajejen shekarar 2000, aka shafe shekaru ana maimaita soyayya da rawa da waƙa a zubi guda.

Makarantun koyon sana'ar kuwa a Jos suka taru: Kwalejin Talabijin ta NTA tun 1980, sai Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa a 1995, a ƙarƙashin Hukumar Finafinai ta Nijeriya, hukumar da aka naɗa Ali Nuhu ya shugabanta a watan Janairun 2024. Daga baya jami'o'i da kwalejojin fasaha suka shigar da shirya fim cikin darussan watsa labarai. A nan Minna, Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1983, mai harabobi a Bosso da Gidan Kwano, tana da gidan rediyonta, Search FM, a kan mita 92.3. Ke nan ɗalibin yau yana da abin da mutanen Tumbin Giwa ba su samu ba: malami, da lokaci, da damar yin kuskure ba tare da ɗan kasuwa ya yi asarar jarinsa ba. Tambayar ita ce, me yake yi da wannan dama?

Finafinai Huɗu Masu Kama Ɗaya

Huɗu daga cikin finafinan zan haɗa su wuri guda, domin ko su kansu da ƙyar suke rabuwa a ƙwaƙwalwar mai kallo. Biyu a kan yaudarar soyayya ne, ɗaya a kan shaye-shaye, ɗaya a kan satar jarrabawa. Jigogin ba su da laifi. Ta fuskar hoto ma akwai abin yabo: ɗaliban sun san inda ake ajiye fitila, sun iya kusanto da fuska su nisanta ta, kuma launin hotunansu ya fi na finafinan kaset da muka taso muna kallo nesa ba kusa ba. Ɗaya daga cikinsu har ya yi hayar ƙaramin jirgin nan na ɗaukar hoto, ya buɗe fim ɗinsa da garin Minna daga sama, duwatsu da rufin kwano da titi.

To amma da jirgin ya sauka, Minna ta ɓace. Daga nan har ƙarshen fim ɗin muna cikin wani falo ne mai manyan kujeru da labule mai nauyi, wanda zai iya kasancewa a Legas ko a Abuja ko a ko'ina. Babu abin da ke cikin labarin da ya tilasta a ɗauke shi a wannan gari. Sauran ukun ma haka: ɗakin otal, cikin mota, bakin wani gidan cin abinci. Garin da jirgin ƙasa ya raya, wanda layin dogon Baro zuwa Kano ya ratsa tun kafin 1912, garin da mace Bagwariya ke shigowa kasuwa da doya a kafaɗa maimakon a ka, garin Kpakungu da Limawa da Maitumbi da Chanchaga, duk bai samu shiga ko ta taga ba. Ɗalibi ya ɗauki garinsu a matsayin abin da ake ɓoyewa a bayan labule idan baƙo ya zo.

Harshen ma haka ya kasance. Kowa ya san cewa mutumin Minna yakan yi ciniki da Hausa, ya gaisa da maƙwabcinsa da Nufanci ko Gwaranci, ya yi wa abokinsa ba'a da Turancin buroka, duk a cikin sa'a guda. Wannan cuɗanya dukiya ce ga mai rubuta zance. Amma a finafinan nan uwa tana yi wa ɗanta faɗa da Turancin littafi, ɗan kuma yana ba ta amsa da irin Turancin finafinan Amurka, yana kallon tsakiyar idonta. A wane gida? Ba ina cewa dole ne kowane fim ya zama na Hausa ba. Abin da nake nufi shi ne 'yan wasan suna furta kalmomin da ba su taɓa ji a bakin iyayensu ba, don haka jikinsu ya ƙi bin bakinsu. Yarinyar da ta fito a matsayin uwa ta iya wasa, na tabbatar da haka a wuri guda tak, inda ta manta abin da aka rubuta mata ta ce, "Kai, tashi ka ba ni wuri!" A wannan daƙiƙa kafaɗarta da hannunta da girarta duk suka yi magana tare. Da ta koma kan rubutun sai ta sake sandarewa.

Sai batun sauti, wanda shi ne maraya a kusan kowane fim ɗin ɗalibai. An kashe kuɗi a kan hayar kyamara, an bar makirfon da ke jikinta ya ɗauki magana daga nesa, tare da kukan janareto da ƙarar babura. Da aka zo tacewa aka ga maganar ba ta fita, sai aka lulluɓe ta da kiɗan fiyano daga farko har ƙarshe. Mai kallo yakan yafe hoto mai duhu, amma ba ya zama ya saurari abin da ba ya ji. Abin mamaki, waɗannan ɗalibai sun yi darasin rediyo, sun san yadda ake kusanto da makirfo bakin mai magana. Da suka riƙi kyamara sai suka ɗauka wancan ilimi na wani zangon karatu ne da ya riga ya wuce.

Fim na Biyar

Na biyar shi ne mafi gajarta, minti bakwai, kuma da wayar hannu aka ɗauke shi. Wasu ɗalibai uku ne suka bi wani ɗan garuwa tun daga asuba, daga layin rijiyar burtsatse har gidajen da yake kai ruwa. Babu ɗan wasa, babu falo. A nan zan ɗan daɗe, domin a cikinsa na ga abin da aikin aji zai iya haifarwa.

Fim ɗin ya buɗe da duhu, ba a ganin komai, sai ƙarar ruwa yana zuba cikin jarka, sautin yana sauyawa daga kauri zuwa siriri yayin da take cika. Duk wanda ya taɓa ɗiban ruwa ya san wannan sauti, ya kuma san lokacin da za a janye jarkar tun kafin hoto ya bayyana. Wato an shigar da mai kallo cikin labarin ta kunne. Daga nan sai kura ɗauke da jarka goma. Jarka guda lita 25 take ci, ke nan mutumin yana tura nauyin kilo 250 ban da ƙarfen kurar, a gari mai hawa da gangara. Ɗaliban ba su faɗi wannan lissafi ba, kuma ba su bukaci faɗa ba. Sun durƙusa ne suka ajiye wayar daidai diddigensa a kan wani hawa, muka ga silifa da aka ɗaure da waya tana lanƙwashewa, tana zamewa, tana sake kama ƙasa. Ɗauka ɗaya ce, ba a yanke ta ba har ya kai tudu, kuma ni da nake zaune a kujera sai da na ji numfashina ya sauya.

A wata fitowa ya tsaya a ƙofar wani gida, matar gidan tana daga ciki, hannunta kawai ake gani ta ƙyauren da aka ɗan buɗe. Tana neman ragi, yana ƙi. Ita tana magana da Hausar Minna, mai sauƙin jinsi da ɗan gardin wasu harsuna, shi kuwa ya ce mata, "Hajiya, tun asuba munka hito, kuma kuɗɗin ruwa anka ƙara muna." Da jin wannan, Bahaushe ya san daga yamma mutumin ya zo, ya san ɗan ci-rani ne, ya san akwai iyali da gona a wani wuri da ke jiran wannan canjin da ake jayayya a kansa. Jimla guda ta yi aikin da marubuci zai ɓata shafi yana yi. Haka nan rashin nuna fuskar matar: ɗaliban sun ce mini dole ce ta sa, domin ba ta yarda a ɗauke ta ba. Sun mutunta ta, kuma wannan dole ta ba su hoton da ya fi kowane faɗin gaskiya game da yadda ake ciniki tsakanin matan aure da baƙon namiji a unguwanninmu.

Wurin da ya fi burge ni shi ne wajen tacewa. An nuna fuskar ɗan garuwan yana tsaye yana jiran a juye jarka. Sai aka yanke zuwa wani matashi yana watsa wa babur ɗinsa ruwan da bokiti, yana kwarara cikin kwata. Sai aka dawo kan fuskar. Mutumin bai motsa ko gira ba, wataƙila ma tunanin abincin rana yake yi, amma duk wanda ya kalla zai rantse ya ga takaici a idonsa. Wannan dabara tana da tarihi. A makarantar fim ta Mosko da aka kafa a 1919, Lev Kuleshov ya nuna wa ɗalibansa cewa fuska guda, idan aka jera ta da kwanon abinci sai a ga yunwa, idan aka jera ta da gawa sai a ga baƙin ciki. Ma'ana tana fitowa ne daga haɗuwar hotuna biyu. Ɗaliban nan sun ji labarin a aji, sun kuma gwada shi a kan titin garinsu ya yi aiki. Wannan shi ne amfanin makaranta a kan bin maigida kawai.

Sai dai fim ɗin bai tsira ba. A minti na ƙarshe, bayan hoto ya gama faɗin duk abin da ake bukata, sai ga muryar ɗalibi da Turanci tana bayani a kan ƙarancin ruwa da haƙƙin da ke kan hukuma, ga kiɗan tausayi a ƙarƙashi. Mutumin da muka yi minti shida muna tafiya tare da shi sai ya koma misali a cikin lacca. Na tambaye su dalili, suka ce sun ji tsoron kada malami ya ce fim ɗin ba shi da saƙo. Wannan tsoro mun san shi, domin mu ma a fagen adabi mun daɗe muna auna littafi da yawan wa'azin da ke cikinsa, kamar dai mai karatu ba ya gane faɗakarwa sai an rubuta masa ita a shafin ƙarshe.

Kukan Rashin Kayan Aiki

Duk sanda aka soki fim ɗin ɗalibai, amsa ta farko ita ce babu kayan aiki. Akwai gaskiya a ciki: kwamfutar da za ta ɗauki aikin tacewa tana da tsada, wuta kuma ba ta zama, ko da yake madatsar Shiroro tana nan kusa da mu. Amma a cikin biyar ɗin nan, wanda aka fi kashe wa kuɗi shi ya fi rauni. Ɗaliban Kuleshov da na ambata a lokacin ƙarancin faifan ɗauka suka yi karatu, har sukan shirya fim a dandamali ba tare da faifai a kyamara ba, su kuma warware tsofaffin finafinai su sake jera su don su gane sirrin tacewa. A Kaduna ma, samarin nan da ke kiran kansu The Critics sun ja hankalin duniya a 2019 da finafinan da suka yi da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle, bayan sun koya wa kansu aikin ta YouTube.

Abin da ya fi rashin kaya illa, a ganina, shi ne yadda aikin yake ƙarewa. Akan raba ɗalibai rukuni-rukuni, mutum goma ko fiye. Biyu su yi aikin, sauran su biya kuɗin karo-karo, sunan kowa ya fito a ƙarshe. Malami guda ya kalla a ofis, ya ba da maki, fim ɗin ya mutu a cikin filashi. Fim ɗin da mutum ɗaya zai kalla, don mutum ɗayan ake yin sa, shi ya sa ake cusa masa Turanci da wa'azi. A nan akwai darasi a Zariya. Tun daga ƙarshen shekarun 1970, sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ya riƙa tura ɗalibansa Samaru da ƙauyuka irin su Soba da Bomo, su zauna da mutane, su ji matsalolinsu, su shirya wasa da harshen mutanen, su kuma nuna shi a gabansu. Ɗalibin da ya san manoman da ya kwaikwaya su ne za su zauna a sahun gaba, ba zai yi musu ƙarya ba, in ma ya yi a take za su gyara masa. Ba na ganin abin da zai hana a kafa farin ƙyalle da dare a wata unguwa ta Minna, a nuna finafinan zango, a bar dariyar jama'a ko shirunsu su shiga cikin makin. Majigi ai a haka ya fara.

Namu Kason

Kada ɗalibin Hausa ya karanta wannan ya ɗauka laifin na maƙwabta ne. Mu ma muna da namu kason. Tun bayan taron da aka yi a Kano a 2003 a kan finafinan Hausa, da rubuce-rubucen masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu, fim ya samu gurbi a sassan Hausa, kundayen digiri a kansa kuma ba su ƙirguwa. Amma yawancinmu muna nazarin fim ne kamar littafi. Mukan kwafe maganganun 'yan wasa, mu fitar da jigo da warwararsa, mu lissafa karin magana, mu rufe. Inda aka ajiye kyamara, da abin da aka bari a wajen hoto, da tsawon shiru, duk ba sa shiga nazarinmu, alhali a nan fim yake yin maganarsa. Su suna da na'ura ba kunnen harshe, mu muna da kunnen ba mu taɓa riƙe na'ura ba, kuma sau da yawa katanga guda ce tsakanin azuzuwanmu.

Akwai misali a wannan yanki namu da ya kamata mu riƙa tunawa. Lokacin da Ladi Kwali ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, ta riga ta ƙware a ginin tukunya irin na Gwarawa. Cibiyar ta ƙara mata juyi da sabuwar hanyar gashi da sheƙi, ita kuma ba ta yar da siffar tulun garinsu da zanen ƙadangare da kifi da ta gada ba. Da su duniya ta san ta, har hotonta ya hau takardar naira 20. A nan Minna ta rasu a 1984. Ɗalibin fim da ya shiga aji ya ajiye abin da ya zo da shi daga gida a bakin ƙofa, ya yi akasin abin da ta yi.

Abin yi bai da wuyar farawa. Littafin Shaihu Umar yana cikin manhajarmu, tauraronsa kuma ya ce asalinsa daga Kagara ne a yankin Bida. Fim ɗin Adamu Halilu, wanda aka daɗe ana zaton ya salwanta, an gano shi a ma'ajiyar hukuma a 2016, aka gyara shi, aka nuna a bikin finafinai na Balin a 2018. Ɗalibin Hausa da na watsa labarai za su iya zama tare su ɗauki babi guda, su duba abin da marubuci ya faɗa da alƙalami da yadda darakta ya faɗe shi da hoto, sannan su gwada nasu. Haka nan labaran Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara ta Jihar Neja a 1911, da yawansu gajeru ne, masu zance mai kaifi da taurari biyu ko uku, daidai fim ɗin minti goma. Ga kuma matasan marubuta da cibiyar Hilltop ta B.M. Dzukogi take renowa a cikin garin nan, waɗanda ke da labarai a hannu ba su da mai ɗauka.

Ɗaliban da suka yi fim na biyar sun yarda za su cire muryar ƙarshen, su bar shi ya ƙare a inda kurar ta juya babu kaya tana ƙara a kan tsakuwa. Na tambaye su ko ɗan garuwan ya ga fim ɗin. Suka dubi juna. Sai bayan an ba da maki suka koma nemansa a bakin burtsatsen, abokan sana'arsa suka ce ruwa ya sauka, ya tafi gida noma, sai bayan kaka.